Hatsari ya taɓa masa laka, amma ciki aka fara yi wa aiki: sakaci ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena ne ya yi hatsari yau kwana 11. Motar haya ce, taya ta fashe, ta yi ta wuntsilawa da su. Tun a wurin ƙafafunsa ba sa motsi, kuma daga bakin ƙirjinsa zuwa ƙasa ko an mintsine shi ba ya ji. An ce mana ƙashin bayansa ya karye ya taɓa laka. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, a daren da aka kai shi asibiti ciki aka farka masa aka cire saifa, aka sa masa roba a haƙarƙari, shi kuwa bayan sai da aka kwana huɗu aka yi masa aiki. 'Yan'uwa suna cewa sakaci ne, wai da an fara da bayan da yanzu ya taka. Wasu ma suna so a ɗauke shi a kai wa mai ɗori. Kuskure aka yi? Zai sake tafiya kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, sannunku da jinya, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Likitocin da ke kansa su ke riƙe da hotunansa da fayil ɗinsa, maganarsu ce gaba da tawa a kan duk abin da ya shafi jikinsa. Amma bisa yadda ka zayyana, ban ga sakaci ba. Da ni ke bakin aiki a wannan daren, cikin zan fara buɗewa, bayan ya jira. Bari in warware maka dalili, don ka samu abin da za ka faɗa wa 'yan'uwa.

Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a wajen ƙugu, sai waɗanda suka manne da juna a can ƙasa. Kowace gaɓa tana da rami, ramukan sun haɗu sun zama kwararo guda, a cikinsa laka take kwance. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mahauci yana sara gadon bayan ragon layya ya gan ta, farin abu mai laushi da ko yatsa sai ya murƙushe shi. Ta ɗan Adam ma haka take, kaurinta bai fi na ƙaramin yatsa ba, kuma a jikin babban mutum tana ƙarewa ne a wajen gaɓar farko ko ta biyu ta ƙugu. Duk umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa hannu da ƙafa, da duk labarin zafi da sanyi da taɓi da jiki ke mayar mata, ta nan suke bi. Har riƙe fitsari da bayan gida, da matsewar hanyoyin jini, da saurin bugun zuciya, duk tana da hannu a ciki. In ka leƙa fayil ɗinsa za ka ga harafi da lamba: C na wuya ne, T na ƙirji, L na ƙugu. Inda jin jiki ya tsaya shi ke nuna mana matakin raunin. Saitin nono T4 ne, bakin ƙirji wajen T6, cibiya T10. Ƙanenka ke nan yana wajen T6 ko kusa da nan.

Wannan matakin kaɗai ya isa ya tayar wa likita da hankali. Gaɓoɓin saman ƙirji da na tsakiyarsa suna da wuyar karyewa ƙwarai, domin haƙarƙari ya ɗaure su hagu da dama, ya kuma haɗe da ƙashin ƙirji ta gaba. Bugun da zai karya su ba ƙarami ba ne, kuma kafin ya kai gare su ya riga ya ratsa haƙarƙari da huhu da abin da ke ƙarƙashinsu. Saifa tana hagu, a ƙarƙashin haƙarƙari na 9 zuwa na 11, hanta kuma tana dama. Shi ya sa in an shigo mana da wanda ya karye a nan, abin da muke fara tambayar kanmu shi ne, ina sauran raunukan suke? Sau da yawa kuwa sai an same su. A wuya ma haka abin yake, sai dai can abokin tafiyar shi ne kai. Abin da ake koya wa likitocin agajin gaggawa shi ne, kimanin kashi 25 cikin ɗari na masu raunin ƙashin baya suna da buguwar ƙwaƙwalwa ko da 'yar kaɗan ce, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma na waɗanda suka karye a wuya yana da wata karayar daban, nesa da ta farko. Don haka in an ga karaya ɗaya, bayan gaba ɗaya ake ɗauka a hoto. Akwai ma wata irin karaya da wani likitan hoto mai suna Chance ya fara siffantawa a 1948, wadda ake yawan gani ga wanda ya ɗaura bel a ciki kaɗai babu na kafaɗa: jiki ya naɗe a kan bel ɗin, gaɓar ta tsage ta baya, sau da yawa kuma hanji ya fashe tare da ita. Kada wani ya riƙe wannan hujjar ƙin ɗaura bel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage mutuwar na cikin mota da kusan rabi. A dai ɗaura shi a kan ƙashin ƙugu, na kafaɗa kuma ya ratsa ƙirji, kada a tura shi bayan kujera yadda direbobinmu ke yi don gudun 'yan kiyaye haɗurra.

To in raunuka sun taru a jikin mutum ɗaya, da wanne za a fara? Akwai ƙa'ida, kuma a ko'ina ita ake bi. Asalinta wani likitan ƙashi ne a Amurka, James Styner, wanda ƙaramin jirginsa ya faɗi a jihar Nebraska a 1976, matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka. Irin kulawar da suka samu a ƙaramin asibitin da suka fara isa ita ta sa shi da abokan aikinsa suka tsara darasin da yau likitocin agajin gaggawa ke bi a ƙasashe da dama. Ƙa'idar ita ce a fara da abin da zai fi saurin kashewa. Hanyar iska in ta toshe, mintuna kaɗan ne. Sai numfashi, sai zubar jini, sannan a zo kan ƙwaƙwalwa da laka. Duk wannan ana yin sa ne wani yana riƙe da kai da wuya, an miƙe bayan a kan abu mai tauri. Ba a manta da bayan ba ke nan, ana tsare da shi ne har a samu sararinsa.

Jinin babban mutum kusan lita 5 ne. Wanda ya zuba a titi kowa ya gan shi, amma wanda ke kashe mutane a ɓoye yake: a ƙirji, a ciki, a ƙashin ƙugu, a cinya. Karayar cinya ɗaya tana iya shanye lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da ɗigo ya fito waje ba. Ƙashin ƙugu in ya buɗe ya fi haka. Saifa kuwa jini ce zalla, in ta fashe da kyau mutum yana iya tafiya kafin gari ya waye. Akwai allura mai arha, tranexamic acid, da wani babban bincike da aka buga a 2010 a kan majinyata sama da 20,000 a ƙasashe 40 ya nuna tana rage mutuwa ta hanyar zubar jini, amma sai in an yi ta cikin awa 3 na farko. Ka ga irin agogon da ake tsere da shi. Raunin laka a T6 ba kasafai yake kashewa a daren farko ba. Saifar ce za ta kashe shi.

Ga kuma abin da nake so 'yan'uwa su fahimta fiye da komai: tsayar da jinin nan shi ne magani na farko da aka yi wa lakar. Raunin laka hawa biyu ne. Akwai ɓarnar da ta auku a daƙiƙar hatsarin, lokacin da ƙashi ya goce ya matse ta ko ya tsinka ta, wannan babu likitan da zai iya mayar da ita baya. Sannan akwai ɓarnar da ke biyowa cikin awoyi da kwanaki, laka ta kumbura a cikin kwararon da ba ya buɗewa, ƙananan hanyoyin jininta su toshe, sassan da suka sha da ƙyar su ma su fara mutuwa. Abu biyu ke ingiza wannan ɓarna ta biyu: faɗuwar awon jini da ƙarancin iskar oksijin. Shi ya sa a kwanakin farko muke ɗaga awon jinin mai raunin laka da gangan, har da magani a cikin ƙarin ruwa. Mutumin da saifarsa ke tsiyaya, huhunsa kuma jini ya danne shi, lakarsa ba ta samun ko ɗaya daga cikin biyun. Da an kifa shi an shiga aikin baya a wannan halin, garin neman gira ne za a rasa ido.

Abin da ke sa irin wannan majinyaci ya fi kowa wuyar sha'ani shi ne raunin laka yana ɓoye sauran raunuka. Mai lafiyar laka in saifarsa ta fashe zai riƙe ciki yana nishi, in ka danna ya zabura, cikin ya yi tauri. Ƙanenka ba zai yi ko ɗaya ba. Ka danna cikinsa ka ji shi laushi, ka tambaye shi ya ce ba inda ke masa ciwo, alhali jini na taruwa. Ba sabon abu ba ne a gano karayar ƙafa ko ta idon sawu bayan kwanaki, don kawai an ga wurin ya kumbura. Awon jini ma yana yaudara. Wanda jini ke zuba masa, bugun zuciyarsa sauri yake yi, jikinsa ya yi sanyi, gumi ya keto masa. Wanda laka ta taɓu daga T6 zuwa sama kuwa, hanyoyin jininsa ne ke sakewa, awon jini ya faɗi amma zuciya tana bugawa a hankali, ƙafafu da ɗumi. In biyun suka haɗu a jiki ɗaya, na biyun sai ya rufe na farkon. Likitan da bai ƙware ba zai ce ai lakar ce ta saukar da jinin, ya ci gaba da ƙarin ruwa har mutum ya tafi. Don haka dokarmu ita ce, duk wanda ya yi hatsari awon jininsa ya faɗi, zubar jini ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. A jawo na'urar sikanin a bakin gado a duba ciki da kewayen zuciya, a ɗauki hoton ƙirji da na ƙugu, in hali ya yi a shiga hoton CT, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla. Waɗanda suka gano saifar ƙanenka a daren farko, a jikin da ba ya jin ciwo, sun yi aikinsu.

Ta ɗaya gefen ma haka ne, sauran raunuka suna ɓoye na laka. Wanda ya suma, ko ya sha ƙwaya, ko azabar karayar cinya ta ɗauke masa hankali, ba zai ce maka wuyansa na ciwo ba. Shi ya sa ake barin abin tallafe wuya na asibiti a jikin irin waɗannan har sai hoto ya wanke su, ko da masu jinya na ganin takura ce.

Robar haƙarƙari kuma, jini ko iska ne suka taru tsakanin huhu da bangon ƙirji suka hana shi buɗewa, robar ke fitar da su. Huhun da ya bugu yakan ƙara lalacewa a kwana biyu na farko kafin ya fara dawowa. Aikin baya kuwa a kife ake yin sa, awoyi mutum na kwance a kan ƙirjinsa, kuma shi ma yana cin jini. Likitan sa barci ba zai yarda a kifa mai irin wannan huhun ba. A nan zan faɗa maka gaskiya tsakani da Allah: bincike ya nuna yin aikin sassauta wa laka cikin awa 24 ya fi, musamman a wuya, kuma shi muke so. Amma sharaɗinsa shi ne jiki ya iya ɗauka. Jinkiri iri biyu ne a asibitocinmu. Akwai wanda halin majinyaci ya tilasta, akwai kuma na kuɗin ƙarfen da ake ɗaure baya da shi da bai haɗu ba, ko na'urar MRI mai ɗaukar hoton laka da babu, ko nisan hanya zuwa inda likitan yake. Kana da haƙƙin ka tambayi likitansa wanne ne ya same ku. Daga bayaninka dai, na farkon ya fi kama.

Shi kansa aikin, a san abin da yake yi. Ba ɗinke laka ake yi ba, har yau babu mai iya wannan. Ana cire ƙashin da ya danne ta ne, a mayar da gaɓoɓin saiti, a ɗaure su da kusoshi da sandunan ƙarfe, don a iya juya shi da zaunar da shi da wuri ba tare da an ƙara ɓarna ba. Maganar cewa da an fara da bayan da ya taka, ban ga madogararta ba. Mutumin da ƙafafunsa suka mutu tun a bakin titi, babbar ɓarnar a can ta auku.

Zai sake tafiya? Amsar tana rataye a kan abu ɗaya: shin akwai saƙon da ke ratsa wurin raunin, ko hanyar ta yanke gaba ɗaya. Yadda muke ganewa yakan ba masu jinya kunya, har wasu su ɓata rai. Likita zai sa safar hannu ya taɓa bakin dubura ya tambaya ko an ji, ya sa yatsa ya ce a matse. Dalili shi ne jijiyoyin wurin daga can ƙarshen laka suke fitowa, in akwai ji ko matsewa a nan, to wani abu yana wucewa. Da wannan da gwajin ƙarfin gaɓoɓi ake ba rauni daraja daga A zuwa E. A shi ne babu ji babu motsi, B akwai ji babu motsi, C da D akwai motsi mai rauni ko mai ɗan ƙarfi, E kuma komai ya dawo. A kwanakin farko laka takan yi wani irin suma, duk abin da ke ƙasa da raunin ya yi lakwas, don haka ba a yanke hukunci da gwajin daren farko, sai an maimaita. Ka tambayi likitansa harafin da yake kai yau. In D ne, mafi yawansu suna takawa. In C ne ko B, akwai fata na gaske, musamman ga mai ƙuruciya irinsa, kuma musamman in yana bambance tsinin allura da taɓin yatsa. In kuwa A ne a matakin ƙirji, kuma ya zauna a A bayan makonni, waɗanda ke komawa tafiya 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma kwararon laka a ƙirji matsattse ne, raunin wurin yakan zo da tsanani. Allah shi ke da iko a kan komai, amma ba zan ɓoye maka abin da muke gani ba. Mafi yawan abin da zai dawo yana dawowa ne cikin wata 6 na farko, ya ci gaba a hankali zuwa shekara ɗaya ko ɗaya da rabi.

Nan gaba kaɗan za ku ga ƙafar ta fara harbawa da kanta, ko ta janye in an taɓa tafinta, gida ya ɗauki murna. A yi hattara. Wannan lakar da ke ƙasa da raunin ce ke aiki ita kaɗai ba da umarnin ƙwaƙwalwa ba. Motsin da muke ƙirgawa shi ne wanda aka ce masa ya motsa babban yatsa, ya motsa, aka ce ya bari, ya bari.

Maganar mai ɗori, a bar ta. Ba raina sana'ar iyaye da kakanni nake yi ba, amma ɗori ja ne da danni da ɗauri, kuma a nan akwai ƙarfe a baya, akwai ɗinki a ciki, akwai robar fitsari, ga mutum babu saifa. Masu ɗori da suka san aikinsu da kansu suke cewa a mayar da irin wannan asibiti. Gashi da ruwan zafi ko garwashi a jikin da ba ya ji ƙuna ce kawai, don ba zai ce ya isa ba. Addu'a da tofi kuwa babu mai hana ku, a zo a yi masa a bakin gadonsa. Haka nan duk wanda ya ce a sayar da gona a kai shi ƙasar waje a yi masa wata allura da ke tsirar da laka, ku riƙe gonarku. Babu irin wannan maganin da aka tabbatar zuwa yau.

Na san akwai wata tambayar da ke ran mutane ko ba a furta ba, wato yadda aka ɗauko shi daga wurin. Jama'armu akwai taimako, Allah ya saka musu, amma ga abin da aka saba: wani ya kama hannuwa, wani ya kama ƙafafu, kai na reto, a naɗe mutum a kujerar bayan tasi ko a adaidaita sahu, a kwara masa ruwa, a ɗura masa ruwan leda ko madara. In dai ba wuta ce ke ci ba ko wata motar za ta bi ta kansa, a bar shi yadda yake tukuna. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa, ya riƙe kan da tafin hannu biyu a saitin kunnuwa, kada ya ja, kada ya juya, kuma kada ya saki har an gama. A yi masa magana. In ya amsa da murya sarai, hanyar iska a buɗe take. In minshari yake yi ko ba ya numfashi sosai, a tura muƙamuƙinsa gaba ta ƙasan kunnuwa ba tare da an ɗaga kan ba, domin numfashi yana gaba da wuya. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Sannan a nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako. Mai riƙe da kai shi ke ba da umarni, mutum uku su jeru gefe ɗaya a kafaɗa da ƙugu da ƙafafu, a mirgino shi gaba ɗaya, hanci da cibiya a layi ɗaya, a tura katakon, a mayar da shi. A naɗe zani ko tawul a tokare kan hagu da dama, a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu da gwiwoyi da ɗankwali ko rawani. A sa shi a motar da zai kwanta a miƙe, ko a-kori-kura ce ta fi kujerar tasi. In amai ya taso, a karkata katakon da shi gaba ɗaya. Ɗan acaɓa mai hular kwano a bar masa ita, sai in ta hana numfashi. Kada a ba shi ko ruwa, don yana iya shaƙewa, kuma mai yiwuwa ɗakin tiyata zai shiga. Wanda ya tashi da ƙafarsa ma, in yana kukan wuya ko yana jin yatsunsa na masa yam-yam, a kwantar da shi, ana iya tafiya da karyayyen wuya kafin ya goce.

A Najeriya lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra 122 ce, ta agajin gaggawa ta ƙasa 112. A nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. In an tsayar da jini, sai a yi maganar tura shi inda ake aikin laka, irin Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, ko Babban Asibitin Ƙasa a Abuja.

Yanzu kuma aikin ya dawo hannunku ne fiye da hannun likita. Kafin yaƙin duniya na biyu, yawancin masu raunin laka ba sa daɗewa, kuma gyambon kwanciya da ciwon mafitsara da ƙoda ne ke kashe su. Ludwig Guttmann, wanda ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila a 1944, bai zo da maganin laka ba. Abin da ya kafe a kai shi ne a juya majinyaci duk bayan awa 2 dare da rana, a kuma kula da fitsari cikin tsabta, sai mutane suka fara rayuwa shekaru. Har gobe shi ne sirrin. Ku raba dare tsakaninku, ku sa agogon waya. Kowane juyi a duba ƙashin da ke saman ɗuwawu, da kwatangwalo, da dunduniya, da idon sawu. Fatar da ta canja launi, ko ta yi ɗumi ko tauri, kuma ba ta dawo ba bayan an ɗauke nauyi a kanta, gyambo ne ya fara, kada a sake kwantar da shi ta nan. A fata mai duhu ja ba ya nunawa sosai, don haka a riƙa shafawa da hannu, ido kaɗai ba ya isa. Filo a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta rataya, wani tsakanin gwiwoyi. Zanin gado a bushe, babu tattara, babu ɓurɓushin abinci. Gyambo ɗaya yana iya cin watanni da kuɗin da ya fi na aikin bayan.

Robar fitsari kada ta lanƙwashe, jakar kuma kullum a ƙasa da gado, ya sha ruwa sosai. Tun da hannuwansa lafiya, ku nemi a koya masa sa robar da kansa duk bayan awa 4 zuwa 6 yana cirewa, wannan ya fi barin ta a jiki wata da watanni. Bayan gida a sa masa lokaci ɗaya da za a saba. Allurar hana daskarewar jini da za a fara yi masa in likitan tiyata ya ga ciki ya lafa, kada a tsallake ta. Ƙafa ɗaya in ta kumbura, ko numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, a kira likita nan take. Tarinsa ba zai yi ƙarfi ba saboda naman cikinsa ya saki, likitocin gashin ƙashi na asibiti za su nuna muku yadda ake taimaka masa, su kuma riƙa motsa gaɓoɓin don kada su sandare. Ka kuma sa ido a kan zuciyarsa. Saurayin da ya yi shiru, ya daina cin abinci, ya juya wa bango fuska, yana bukatar a gaya wa likita kamar yadda za a gaya masa zazzaɓi. Mutum mai rauni a T6 yana iya tura kekensa, ya hau ya sauka daga gado da kansa, ya yi sana'a, ya zauna da iyali, kuma akwai hanyoyin taimako a kan maganar aure da haihuwa in lokacin tambayar ya zo.

Abu biyu sun keɓanta da shi, ina so a rubuta su a takarda ya riƙa yawo da ita. Na farko, masu rauni daga T6 zuwa sama wani lokaci jininsu kan hau farat ɗaya: matsanancin ciwon kai, gumi a fuska da wuya, hanci ya toshe, ido ya yi dishi-dishi. Kusan kullum wani abu ne ke damun jiki a ƙasa inda ba ya ji, galibi robar fitsari ta toshe ko bayan gida ya cushe. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba robar. In bai lafa ba cikin 'yan mintuna a garzaya asibiti, domin yana iya fasa jijiya a ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane ma'aikacin lafiya ne ya saba ganinsa ba. Na biyu, ba shi da saifa, ita kuwa tana cikin masu tace ƙwayoyin cuta daga jini. Zazzaɓin cizon sauro yana iya yi masa tsanani fiye da da, haka ciwon huhu da sanƙarau, mu kuma a yankin sanƙarau muke. Kafin a sallame ku, ka tambaya a kan alluran rigakafin da ake yi wa wanda aka cire wa saifa, galibi daga mako biyu bayan aikin, lokacinsu ya kusa ke nan. Gidan sauro kowane dare, kuma duk zazzaɓin da ya taso masa a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya sayen magani a kemis.